Ƴan sa-ido a fagen yaƙi: garin neman gira

 

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ɗauko kaya daga Jibiya zuwa Maraɗi, ko daga Illela zuwa Ƙonni, ya san cewa ranar da ƴan duwan suka tsananta bincike bisa kwalta, kaya ba ya fasa shigowa, hanya kurum yake sakewa: ya bar kwalta ya bi daji, ya bar rana ya bi dare. Haka nan kowane ma'aikaci ya san abin da ke faruwa a lakwal ko a gidan likita idan waya ta zo cewa manya na tafe daga Yamai. A share fili, a shafa wa duwatsu farar ƙasa, a kawar da duk abin da bai kamata baƙo ya gani ba. In shara ce aka kawar, abin dariya ne. To amma maganarmu ta yau ta shafi wuraren da abin da ake kawarwa ɗin ɗan Adam ne.

Tun bayan yaƙin duniya na biyu aka yi ta kafa dokoki da ƙungiyoyi domin sa ido ga abin da masu bindiga ke yi wa talakawa da fursunoni. An sa hannu ga yarjejeniyoyin Janeba a 1949, an kafa Amnesty a 1961, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta naɗa wa kanta babban kwamishina na haƙƙin ɗan Adam bayan shawarar da ta yanke a 1993. Hikimar abin ita ce azzalumi na jin nauyin ido, in ya san ana kallonsa zai sassauta. Sau da yawa haka ɗin ne, kuma akwai mutane masu yawa da suke raye yau saboda wani baƙo ya rubuta sunansu cikin littafi. Sai dai shi ma azzalumi yana da hankali, yana kuma koyon darasi. Abin da ya koya daga zuwan ƴan sa-ido shi ne muke so mu duba, domin ba a cika faɗinsa a taron bita da jawaban buɗe taro ba.

Mu fara da tsohon misali. A garin Terezin na ƙasar Cekoslobakiya, Jamusawan Hitila sun tara Yahudawa cikin wani sansani. Gwamnatin Danmak ta matsa lamba sai an bar wakilai sun je sun ga halin da ƴan ƙasarta ke ciki, aka kuwa yarda. Kafin ranar ziyara aka yi wa gidaje fenti, aka shuka furanni, aka buɗe kantunan ƙarya da filin wasan yara. Saura matsala guda: mutane sun yi yawa, baƙo zai ga cunkoso. Sai a watan Mayu na 1944 aka loda mutum wajen 7,500 cikin jiragen ƙasa zuwa Auschwitz, mafi yawansu kuwa ba su ga ƙarshen yaƙin ba. Ran 23 ga Yuni wakilin ƙungiyar agaji ta Kuruwa-Ruj, Maurice Rossel, ya iso tare da jami'an Danmak biyu. Aka zaga da su ƴan sa'o'i bisa hanyar da aka shata tun da wuri, ya koma gida ya rubuta rahoto mai daɗin ji. Da kaka ta wannan shekara aka ƙara kwashe mutum fiye da 18,000. Ba wakilin ne ya kashe kowa ba, waɗanda suka loda jirgi su ne masu alhaki. Amma sanarwar zuwansa ita ta sa aka yi lodin watan Mayu, rahotonsa kuma ya zama shaidar wanke mai laifi.

Inda darasin ya fi fitowa fili shi ne Amurka ta Kudu. Da Janar Pinochet ya kifar da gwamnatin Cile ran 11 ga Satumba 1973, bai ɓoye aikinsa ba. Ya cika filin ƙwallo na babban birni da dubban mutane, ƴan jarida suka ɗauki hotuna, duniya ta yi ca a kansa. Sojojin Ajantina, maƙwabtansa, suna kallo. Da nasu lokacin ya zo ran 24 ga Maris 1976, sai suka ɗauki wata dabara: babu kamu a hukumance, babu shari'a, babu gawa. Mutane cikin farin kaya su zo da dare cikin mota maras lamba su tafi da mutum. Iyalinsa su je kwamisariya a ce ba a san da shi ba, su je bariki a ce wataƙila ya tsere ƙasar waje. Wasu an yi musu allurar barci an jefa su cikin teku daga jirgin sama, kamar yadda wani hafsan sojan ruwa, Adolfo Scilingo, ya amsa da bakinsa a 1995. Shi kansa Janar Videla, cikin wata hira da aka buga a littafi a 2012, ya yarda cewa an ɓatar da gawawwakin ne don kada a ta da ƙura a cikin gida da waje. Hukumar binciken da aka kafa bayan faɗuwar sojoji ta lissafa mutum 8,961 da suka ɓata, ƙungiyoyin iyalai kuwa suna cewa 30,000.

Mai karatu ya tsaya ya auna nauyin wannan. Wanda aka harbe aka miƙa gawarsa, an yi masa sutura, an yi zaman makoki, matarsa ta yi takaba ta fita, an raba gado. Wanda ya ɓata kuwa ya bar gidansa tsakanin sama da ƙasa: mata ba ta san ko gwauruwa ce ba, uwa ba ta iya sauya gida don kada ɗanta ya komo ya tarad da baƙuwar fuska. Tsoron idon duniya bai hana kisa ba a nan, ya dai ƙara wa kisan wata azaba da ke bin masu rai shekaru arba'in da ɗoriya.

A watan Satumba na 1979 hukumar haƙƙin ɗan Adam ta ƙasashen nahiyar Amurka ta sami izinin shiga Ajantina. Makarantar kanikancin sojan ruwa da ke Buenos Aires, wadda ake kira ESMA, ita ce mafi girman gidajen azaba na ɓoye, mutum wajen 5,000 suka bi ta cikinta. Da yake waɗanda suka kuɓuta sun riga sun bayyana fasalin ginin a ƙasashen waje, sai aka kawo magina: aka cire na'urar hawa bene, aka toshe matakalar da ke sauka ɗakin ƙasa, domin baƙi su ce masu shaida ƙarya suke yi. Fursunonin da suka rage aka kwashe su zuwa wani tsibiri cikin kogi, sunansa da harshensu yana nufin shiru. A waje kuma aka raba takardun mannawa ga motoci masu kirarin cewa mutanen Ajantina masu gaskiya ne masu tausayi. Cikin makon ne ma samarinsu, da Maradona a gaba, suka ci kofin duniya na matasa a Japan, masu murna suka cika titin da iyayen ɓatattu ke tsaye cikin dogon layi suna jiran shigar da ƙara. Duk da haka hukumar ta karɓi ƙara 5,580, rahotonta na 1980 kuma ya zama ɗaya daga cikin tubalan shari'ar 1985 wadda ta yanke wa Videla ɗaurin rai da rai. In maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba.

Sai Bosniya, inda abin ya kai matuƙa. Ran 11 ga Yuli 1995 sojojin Sabiyawan Bosniya ƙarƙashin Janar Mladic suka shiga garin Srebrenica, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce tun 1993 tudun mun tsira ne. Cikin ƴan kwanaki aka kashe maza da samari Musulmi kimanin 8,000, aka zuba su cikin manyan ramuka. Ran 10 ga Agusta jakadiyar Amurka, Madeleine Albright, ta nuna wa Kwamitin Sulhu hotunan da aka ɗauka daga sama, ga filin da aka ga mutane jiya, ga sabuwar ƙasa da aka tono yau. Nufinta tona asiri, kuma ya tonu. Amma masu laifin su ma sun ji labari, sun kuma san akwai kotun da aka kafa a birnin Hag tun 1993. A watannin Satumba da Oktoba suka komo da katafila da manyan motoci cikin dare, suka tone ramukan, suka kwashe abin da ke ciki zuwa wasu ƙananan ramuka masu yawa cikin ƙauyuka nesa da hanya. Katafila ba ta san kai ba, ba ta san ƙafa ba. Shi ya sa aka sami ƙasusuwan mutum guda a rami uku ko huɗu, tsakaninsu tafiyar kilomita masu yawa. Akwai iyayen da aka kira aka ce an sami ƙashin hannu ko na cinya na ɗansu, suka rasa abin yi: su binne wannan ɗan abin, ko su jira saura? Wasu sun jira har Allah ya karɓi ransu. Da binciken ƙwayoyin gado na jini aka gane mutum kusan 7,000, kuma shekara bayan shekara, ran 11 ga Yuli, an yi ta yi wa sababbin da aka gane sallah a maƙabartar Potocari.

Ramin ƙarya dai ƙurarre ne. Masu binciken kotu sun tarad da ƙasa da ƙurar furen tsirrai na wani wuri cikin ramin wani wuri. A wani rami sun sami fasassun kwalabe masu yawa, irin waɗanda ake zubarwa kusa da masana'antar cika kwalba ta Kozluk, inda aka fara harbe mutanen. Wannan ya haɗa rami na biyu da na farko. Ban da haka, aikin da ya ci motoci da mai da direbobi da umarnin manya ba ya yiwuwa a ce fushin wasu tsageru ne. Ɓoyon da kansa ya nuna akwai tsari. An yanke wa Janar Krstic hukunci a 2001, Mladic kuma ɗaurin rai da rai a 2017. Kotu ta sami abin da take so, amma iyalai su suka biya kuɗin da shekarun jira.

Gwamnatin Milosevic ta ɗauki karatun ta ƙara masa. A yaƙin Kosobo na 1999 ba ta bar gawawwakin a inda aka kashe su ba, ta yi ta jigilarsu zuwa cikin Sabiya. A watan Afrilu na wannan shekara wata motar sanyi ta taso daga cikin kogin Danub maƙare da gawa, aka rufe zancen har 2001, lokacin da aka fara tonon ramukan da aka sami fiye da mutum 700 cikinsu a filin horon ƴan sanda na Batajnica, kusa da Belgirad. A Kolambiya ma wani shugaban ƴan banga ya amsa a gaban alƙali cewa sun gina tanderu sun ƙone gawawwaki domin kada alƙaluman kisa na yankinsu su jawo ido.

Akwai wata fuska da ta fi kusa da talaka, wato makomar wanda ya yi magana da baƙo. Ɗan sa-ido yana da fasfo da farar mota da jirgin da zai kwashe shi in abu ya ɓaci. Tafintansa da direbansa da mai gidan da ya ba shi haya da tsohuwar da ta nuna masa kabari, duk nan za a bar su. Ƙungiyar tsaro da haɗin kan Turai ta janye ƴan sa-idonta daga Kosobo ran 20 ga Maris 1999, kuma rahoton ita ƙungiyar da kanta ya nuna yadda aka bi waɗanda suka yi mata aiki. A Kwango, a 1998, Kofi Annan ya janye tawagar da ya aika binciken kisan ƴan gudun hijirar Hutu, saboda an hana ta aiki, ana kuma tsoratar da masu ba ta shaida. A watan Maris na 2017 aka kashe masu bincike biyu na Majalisar Ɗinkin Duniya a yankin Kasai, Michael Sharp da Zaida Catalan. Duniya ta riƙe sunayensu, haka ya kamata. Tafinta da ƴan kabu-kabu uku da suka raka su kuwa, su ma ba su komo gida ba, jaridu kaɗan ne suka damu da su.

Wani lokaci kuma gwamnatin da aka kunyata ba ta ɓoye komai, ƙofa take rufewa. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Ran 4 ga Maris 2009 Kotun Duniya ta Manyan Laifuka ta ba da sammacin kama shugaba Umar al-Bashir saboda Darfur. Kafin tawada ta bushe Hartum ta kori ƙungiyoyin agaji na waje 13, ta rufe na gida 3, bisa zargin su ne ke kai wa kotu rahoto. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kashedi a lokacin cewa fiye da mutum miliyan 1 na iya rasa abinci. Al-Bashir ya ƙara shekara goma bisa mulki, sai a 2019 ya faɗi, kuma mutanensa ne suka kā da shi. Tun farko ma, amfani da Janjawid maimakon sojan gwamnati yana da wannan fa'ida ga mai mulki: in an tambaye shi, sai ya ce rikicin ƙabilu ne, ba ruwansa. Waɗannan mahaya su aka mayar rundunar RSF a 2013, su ne kuma suka juya wa sojan ƙasar bindiga a watan Afrilu na 2023. Kowa ya san yadda Sudan ta koma daga nan, har da ƴan uwanmu Hausawa da suka yi zamani a can bisa hanyar Makka.

A nan kusa da mu, a Mali, an kori shugaban sashen haƙƙin ɗan Adam na rundunar MINUSMA a watan Fabrairu na 2023. A watan Mayu Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto cewa an kashe mutum aƙalla 500 a garin Mura a ƙarshen Maris na 2022. Hukumomin Bamako suka ce ƴan ta'adda 203 suka kashe, suka yi watsi da rahoton. A watan Yuni suka nemi rundunar ta tattara nata ya nata, kafin ƙarshen shekara kuwa ta fita. Mutum na iya goyon bayan wannan ɓangare ko wancan, kuma rundunar tana da nata laifuka da mutanen Mali suka daɗe suna faɗi. Abin da ba a gardama a kansa shi ne, bayan rahoton, idanun da ke kallon ƙauyukan tsakiyar Mali sun ragu.

Kada kuma a ɗauka gwamnatoci kaɗai ke iya wannan lissafi. Wani malamin jami'a na Amurka, Alan Kuperman, ya kawo hujja cewa a Bosniya da Kosobo wasu shugabannin tawaye sun tsokano martanin da suka san zai faɗa kan talakawansu, da fatan hotunan za su jawo musu taimakon waje. Malamai da dama ba su yarda da shi ba, mu ma muna ganin maganar tana da haɗarin ɗora laifi ga wanda aka zalunta. Amma duk wanda ya ga yadda kowane ɓangare ke gaggawar kai ƴan jarida wurin gawar nasa, yana kauda su daga gawar da shi ya yi, ya san ba a rasa ƙamshin gaskiya a ciki.

To, sai a sallami ƴan sa-ido a huta? Masu son a ce haka suna da yawa, kuma mun san dalilinsu. Mu a namu gani, misalan nan ba su nuna cewa duhu ya fi haske ba; a wuraren da ba kowa ke kallo ba a kan kashe mutane da rana tsaka ba tare da wahalar hayar katafila ba. Abin da suka nuna shi ne ziyara iri biyu ce. Akwai wadda aka sanar da ranarta, mai gida ya shata hanya, hafsa na tsaye bayan fursuna yana murmushi, baƙo ya tafi ba zai komo ba. Wannan ta fi rashinta muni, don tana sa a yi share-share da rayuka, ta kuma bar wa azzalumi takardar shaida. Ita Kuruwa-Ruj ta ɗauki darasi mai ɗaci, sharuɗɗan da take kafawa kafin ta shiga gidan kaso kuwa sun cancanci kowane ma'aikaci ya san su: ta ga dukan fursunoni da dukan ɗakuna, ta yi magana da wanda ta zaɓa ba mai saurare, ta rubuta sunan kowa, ta kuma komo duk lokacin da ta ga ya dace. Na ƙarshen nan biyu su ne ƙashin bayan abin, gama wanda aka rubuta sunansa yau, in aka komo wata mai zuwa ba a gan shi ba, dole wani ya yi bayani. Farashin da take biya shi ne shiru, rahotonta ga hukuma kaɗai take miƙa shi. Ranar da jaridar Le Monde ta buga wani rahotonta na asiri kan sansanonin Aljeriya, ran 5 ga Janairu 1960, mutanen Faransa sun ji gaskiya, amma an rufe wa wakilanta ƙofa har wajen shekara guda.

Tun da mun ambaci Aljeriya, bari mu tuna wa ma'aikatanmu wani ɗan uwansu na biro. A 1957, lokacin da aka damƙa wa sojojin laima na Janar Massu birnin Aljas, babban magatakardan ƴan sanda shi ne Paul Teitgen, mutumin da ya sha azaba a hannun Jamusawa, ya yi zaman sansanin Dachau. Ya nace sai an kawo masa takarda ga duk wanda sojoji suka kama, ya sa hannu, ya ajiye lissafi. Da ya gwada yawan waɗanda suka shiga da waɗanda ake iya nunawa, ya tarad mutum 3,024 babu su babu labarinsu, ya ajiye aiki cikin wannan shekara. Cikin waɗanda suka ɓata a 1957 akwai wani matashin malamin lissafi na jami'ar Aljas, Maurice Audin, wanda aka kama ran 11 ga Yuni, sojoji suka ce wai ya tsere daga cikin mota. Sai a watan Satumba na 2018 shugaban Faransa ya tafi gidan matarsa ya amsa cewa a hannun sojan ƙasarsa ya mutu. Ta jira shekara 61, ta rasu bayan wata biyar, ba a nuna mata kabarinsa ba.